Kaska da jan nama: ciwon da ke zuwa bayan an gama cin abinci

  

Hirarmu ta yau a kan kaska take. Babu wanda bai san kaska ba a cikinku. Kun gan ta a kunnen akuya, kun gan ta a hantsar saniya, kun gan ta ƙarƙashin wutsiyar raƙumi. Wasunku ma ta taɓa kama su a ƙafa ko a hammata. Mun saba da ita, muna cewa ɓarnarta a kan dabba take. To, likitoci a ƙasashe masu nisa sun gano wata ɓarna tata a kan mutum. Cizon wasu irin kaska yana iya sa jikin mutum ya ƙi jan nama. Mutum ya shekara 40 yana cin nama lafiya lau. Kaska ta cije shi. Bayan ƴan makonni ko ƴan watanni, naman nan da ya saba ci ya zame masa ciwo. Wani lokaci ciwon yakan kai ga halaka.

Ga abin da muke so ku riƙe tun yanzu. Wannan ciwo ba ya zuwa a lokacin da ake cin naman. Yakan jira awa 2 zuwa 6. Wannan jinkiri shi ne ya ɓoye shi ga marasa lafiya da likitoci shekaru da yawa.

Yaya jiki ke ƙin abu?

A cikin jinin kowannenmu akwai masu gadi. Muna ce musu sojojin jiki. Aikinsu shi ne su kama ƙwayoyin cuta idan sun shigo, su kashe su. Ba don su ba, da ƙaramin miki ma ya ishe mu.

Amma mai gadi yakan yi kuskure. Yakan ga baƙon kirki ya ɗauke shi ɓarawo. Haka sojojin jiki suke yi wani lokaci. Sai su tashi yaƙi da abin da ba shi da laifi, kamar gyaɗa, ko ƙwai, ko wani magani. Yaƙin nan shi ke kawo ƙaiƙayi, da borin jini, da kumburi. Shi ne ake cewa jikin wane ya ƙi abu kaza. A yawancin irin wannan ciwo, alamomi na fitowa nan da nan, cikin ƴan mintoci. Mutum ya ci gyaɗa, kafin ya wanke hannu jikinsa ya ɗauki ƙaiƙayi, sai ya gane mai laifi. Na jan nama ne ya bambanta.

Labarin ya faro daga wani magani

A shekarar 2004 aka fara ba da wani sabon maganin ciwon daji a ƙasar Amurka. Sunansa cetuximab. Ta jijiya ake sa shi. Ba a jima ba sai likitoci suka ga abin mamaki. A wasu jihohin kudu maso gabashin ƙasar, kamar Tenesi da Karolaina ta Arewa, wajen mutum 1 cikin 5 na shiga mummunan hali da zarar an fara sa musu maganin. Numfashi ya sarƙe, jini ya sauka. Amma a arewa maso gabashin ƙasar, ko mutum 1 cikin 100 bai kai ba. Magani ɗaya ne, ciwo ɗaya ne, wuri ne kaɗai ya bambanta. Me ya kawo haka?

Wani likita na Jami'ar Birjiniya, mai suna Thomas Platts-Mills, ya shiga bincike tare da abokan aikinsa. Suka auna jinin da aka ɗiba daga marasa lafiyar tun kafin a ba su maganin. Sai suka tarar sojojin jikinsu sun riga sun yi shirin yaƙi da wani abu da ke cikin maganin. Abin nan wani irin sukari ne, sunansa alfa-gal. Ba sukarin shayi ba ne, ba a ganinsa, ba a jin zaƙinsa. A shekarar 2008 suka buga sakamakon binciken.

Shi wannan sukari yana cikin jikin yawancin dabbobin da ke shayar da ƴaƴansu nono. Yana cikin saniya, da tunkiya, da akuya, da raƙumi, da doki, da zomo, da barewa, da alade. Babu shi a jikin mutum. Babu shi kuma a kaza, da zabo, da tantabara, da agwagwa, da kifi. Maganin ciwon dajin an yi shi da taimakon ƙwayoyin jikin ɓera, shi ya sa yake ɗauke da sukarin.

A wannan lokaci kuma wasu mutane suna ta zuwa wurin likitocin nan da wani kuka. Suna cewa: idan na ci nama da dare, sai in farka tsakar dare jikina duk ya yi ruɗu-ruɗu. Aka auna jininsu, aka tarar da irin waɗancan sojoji. A shekarar 2009 likita Scott Commins da Platts-Mills suka ba da labarin mutum 24 masu wannan ciwo. Dukansu sai bayan awa 3 zuwa 6 da cin nama ciwon ke tasar musu.

Wa ya tayar da sojojin?

Saura tambaya ɗaya. Kowa yana cin nama tun yana yaro. Me ya sa jikin waɗannan kaɗai ya juya wa nama baya, kuma me ya sa a wannan yanki?

Masu binciken suka ɗauko taswirar ƙasar, suka sa alama a wuraren da maganin ya yi ɓarna. Suka nemi wata taswira mai kama da ita. Sai suka samu: taswirar wani zazzaɓi da kaska ke kawowa. Taswirorin biyu sun dace da juna. Suka koma ga marasa lafiya suna tambaya: kaska ta taɓa cizonka? Da yawa suka ce i, har wurin ya daɗe yana ƙaiƙayi. Shi kansa Platts-Mills kaska da yawa sun cije shi a shekarar 2007, yana yawo cikin daji. Ya auna jininsa, ya ga sojojin nan sun ƙaru. Daga baya ya ci naman rago, ya farka da dare da borin jini.

A can ƙasar Ostareliya kuma, wata likita ta birnin Sidni, mai suna Sheryl van Nunen, ta riga ta lura da wannan. A shekarar 2007 ta gabatar da labarin mutum 25 da jikinsu ya ƙi jan nama. A cikinsu 24 kaska ta cije su kafin ciwon ya fara. Ku duba yadda ta gane. Tambaya ta yi ta yi wa marasa lafiya, tana rubuta amsarsu, har ta ga abin da ya haɗa su. Matambayi ba ya ɓata.

Kaskar da ta fi kawo ciwon a Amurka, macen tana da farin ɗigo guda a baya. Tana yawan rayuwa a jikin wata irin barewa ta can. Ta Ostareliya daban ce. A Turai, kamar Suwidin da Jamus da Faransa, wata iri ce. A Japan ma wata ce. A nahiyarmu ta Afirka, masu bincike na Jami'ar Kef Tawun sun je wasu ƙauyuka na gabashin Afirka ta Kudu. Suka ba mutane naman shanu a gaban likita, suka zauna suna lura da su. A shekarar 2018 suka ba da rahoto cewa sun tabbatar da ciwon a jikin mutum fiye da 80. Kun ga ke nan ciwon ba na ƙasa ɗaya ba ne.

Abin da ke faruwa cikin jiki

Idan kaska ta kama mutum, takan kafa bakinta cikin fata, ta zauna tana tsotson jini kwana da kwanaki. Tana tsotsa tana zuba miyau cikin fatar. A cikin miyan wasu irin kaska akwai sukarin alfa-gal. Da sukarin ya shigo ta fata tare da miyan kaska, sai sojojin jiki su ɗauke shi abokin gaba. Su riƙe kamanninsa. Ran da mutum ya ci jan nama, sukarin ya sake shigowa, wannan karon ta ciki. Sojoji su gane shi, su tashi yaƙi.

To, jinkirin fa? Masu bincike sun ce da yawa daga sukarin yana manne da kitsen nama. Kitse kuwa ba ya saurin narkewa. Sai ya yi awoyi cikin hanji kafin ya shiga jini. Lokacin da ya shiga jini ne yaƙin ke tashi.

Mu yi lissafi tare. Mutum ya ci tsire da ƙarfe 8 na dare. Mu ƙara awa 2, ƙarfe 10 ke nan. Mu ƙara awa 6, ƙarfe 2 na dare ke nan. Wato ciwon zai same shi tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2, yana kwance, ya ma manta da tsiren. Shi ya sa wani zai ce ruwa ne ya sha marar kyau. Wani ya ce sanyi ne. Wani ya zargi maƙwabci. Naman kuwa ba wanda ya tuna da shi.

Alamomin ciwon

Ga alamomin da likitoci suka lissafa. Ƙaiƙayi mai tsanani da borin jini. Kumburin leɓe, ko harshe, ko fatar ido, ko maƙogwaro. Murɗawar ciki, tashin zuciya, amai da gudawa. Tari da sarƙewar numfashi. Jiri da suma, saboda jini ya sauka.

Ba lalle ne su zo duka ba. Wasu mutane ciwon ciki kaɗai suke yi, babu komi a fata. An ga haka a Afirka ta Kudu, an ga haka a Amurka. Irin waɗannan su suka fi daɗewa ba a gane ciwonsu ba.

Wani abin ruɗarwa kuma, ba kullum ciwon ke tashi ba. Mutum ya ci nama yau bai ji komi ba, ya ci jibi ya sha wuya. Nama mai kitse ya fi tayar da shi. Kayan ciki ma haka, musamman ƙoda, kuma nata yakan zo da sauri. Aikin ƙarfi bayan cin abinci, da shan giya, da wasu magungunan ciwon jiki irin su asfirin, duk suna ƙara masa ƙarfi.

Ina haɗarin yake?

Babban haɗari shi ne lokacin da yaƙin ya game jiki duka a lokaci ɗaya. Maƙogwaro ya kumbura, iska ta kasa wucewa, jini ya sauka ƙasa ƙwarai. Mutum na iya mutuwa cikin ɗan lokaci idan ba a agaza masa ba.

A shekarar 2025 likitocin Jami'ar Birjiniya suka ba da labarin wani mutum mai shekara 47, lafiyayye, a Amurka. A shekarar 2024 ya fita daji shaƙatawa da iyalinsa. Ya ci naman shanu da dare. Bayan wajen awa 4 ya farka da matsanancin ciwon ciki, da amai, da gudawa. Da safe ya ji sauƙi, bai je wurin likita ba. Bayan mako 2 ya sake cin naman shanu. Bayan wajen awa 4 ya faɗi, bai tashi ba. Da farko ba a gane abin da ya kashe shi ba. Sai da aka auna jininsa daga baya aka ga alamun wannan ciwo. Matarsa ta tuna cewa wasu ƙananan ƙwari sun cije shi a idon sawu kafin nan. Ciwon ya yi masa gargaɗi sau ɗaya, amma ba wanda ya gane gargaɗin.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wadda ake kira CDC, ta ba da lissafi a shekarar 2023. Ta ce daga 2010 zuwa 2022 an sami mutum fiye da 110,000 da awon jini ya nuna ana zaton suna da ciwon. Ta ce idan aka haɗa da waɗanda ba a auna ba, za su iya kai 450,000. Ta kuma tambayi ma'aikatan lafiya 1,500. Kashi 42 cikin 100 suka ce ba su taɓa jin sunan ciwon ba. Wannan a ƙasar da aka gano shi ke nan. Don haka marar lafiya shi ne zai taimaki likita, ta hanyar ba shi cikakken labari.

Haɗarin bai tsaya ga nama ba

Mai wannan ciwo ya sani sukarin yana ɓuya a wasu wurare. Yana cikin romon nama, da kitse, da ɓargo, da miyar da aka dafa da nama ko da an tsame naman. Dahuwa ba ta kashe shi, gashi ba ya kashe shi, shanya ma haka. Wato kilishi da balangu da dambun nama duk ɗaya ne a wurinsa. Yawancin masu ciwon suna shan nono ba abin da ke samunsu, amma wasu kaɗan nono da cuku da man shanu suna taɓa su.

Akwai kuma magunguna da ake yi daga jikin dabbobi. Akwai wani abu mai suna jelatin, da ake samu daga fata da ƙashi, ana yin kwanson wasu magunguna da shi. Akwai maganin hana jini daskarewa mai suna heparin. Akwai maganin dafin maciji, wanda ake yi daga jinin doki ko na tunkiya. A nan ku saurara da kyau. Wanda kububuwa ta sara kada ya ƙi maganin dafi, don shi ne ke ceton rai. Abin da zai yi shi ne ya gaya wa likita tun da farko cewa jikinsa yana ƙin jan nama, don likita ya shirya, ya tsaya kusa da shi.

Me za ku yi?

Da farko, kada kowa ya tsorata ya bar nama. Yawancin mutanen da kaska ta ciza ba sa samun wannan ciwo. Nama abinci ne mai gina jiki, yara da mata masu ciki suna bukatarsa. Wanda yake cin nama lafiya ya ci gaba da ci.

Amma idan kun lura kuna farkawa da dare da ƙaiƙayi, ko kumburi, ko murɗawar ciki, sau biyu ko sau uku, to ku ɗauki takarda da alƙalami. Ku rubuta abin da kuka ci da lokacin da kuka ci shi. Ku rubuta lokacin da ciwon ya fara, da abin da kuka ji. Ku ƙirga awoyin da ke tsakani. Ku tafi gidan likita da takardar. Ku gaya masa abu biyu tare: maganar naman, da maganar kaska idan ta taɓa cizonku. Akwai awon jini da ke nuna sojojin nan. Amma wasu mutane suna da su a jini kuma nama ba ya yi musu komi. Shi ya sa likita yake haɗa awon da labarin da kuka ba shi kafin ya yanke magana.

Idan likita ya tabbatar da ciwon, maganinsa shi ne barin jan nama. Kaza, da zabo, da kifi, da ƙwai, da wake, da gyaɗa suna nan, za su maye gurbinsa. Kuma akwai labari mai daɗi. Idan mutum ya kiyaye, kaska ba ta sake cizonsa ba, sojojin sukan ragu a hankali. Bayan ƴan shekaru wasu sukan koma cin nama. Amma wannan gwaji a hannun likita yake, kada mutum ya yi shi a ɗakinsa. Sabon cizo kuwa yana mai da ciwon sabo.

Idan kuka ga mutum leɓensa ko harshensa ya kumbura, muryarsa ta shaƙe, yana kokawa da numfashi, ko ya suma, kada ku jira gari ya waye. Ku kai shi gidan likita nan take, da mota, ko babur, ko amalanke. Ku kwantar da shi, ku ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ya fi yi masa wuya a kwance, ku bar shi a zaune. Kada ku tsayar da shi, kada ku ɗura masa ruwa ko jiƙo. Allurar da ke ceton rai a wannan hali sunanta adirenalin. Ƙwayar maganin ƙaiƙayi tana rage borin jini, amma ba ta buɗe maƙogwaro.

Yadda za ku kare kanku daga kaska

Rigakafi ya fi magani. Kaska tana hawa ciyawa ta jira mai wucewa, musamman da damina. Idan za ku shiga ciyawa mai tsawo, ku sa dogon wando da takalmi rufaffe. Idan kun dawo daga gona ko kiwo, ku duba jikinku: bayan gwiwa, hammata, ƙugu, bayan kunne, da cikin gashi. Iyaye mata, ku duba yara lokacin wanka. Ƴaƴan kaska ƙanana ne ƙwarai, kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka.

Idan kun same ta manne, ku ɗauki matsefata ko ɗan hantsaki. Ku kama ta daf da fata, wajen bakinta. Ku ja a hankali, kai tsaye, ba tare da murɗawa ba. Kada ku matse cikinta. Kada ku ƙona ta da wuta, kada ku zuba mata kananzir. Ku wanke wurin da ruwa da sabulu. Kada ku murƙushe ta da yatsu, ko wadda kuka cire daga jikin dabba, don kaska na ɗauke da wasu cututtuka masu tsanani ban da wannan. Dabbobinku kuma ku nemi likitan dabbobi ya nuna muku maganin kaska da yadda ake amfani da shi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Awa nawa ciwon ke jira bayan cin nama?
2. Mutum ya ci nama da ƙarfe 7 na yamma. Daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa ciwon zai iya tasar masa?
3. Ku faɗi nama iri 3 masu ɗauke da sukarin alfa-gal, da abinci iri 3 da ba su da shi.
4. Waɗanne abubuwa biyu za ku gaya wa likita?
5. Waɗanne alamomi ne ke nuna a garzaya gidan likita ko da tsakar dare ne?

Jama'a, nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Ku tattauna tambayoyin nan tsakaninku, ku rubuta amsoshin a littattafanku. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba.